Ramin akwatin sifika ba na shan iska ba ne

Yana damuna in ji ana cewa ramin akwatin sifikar bas (mai fitar da sauti mai kauri) na fitar da zafi ne, don haka kowane girma aka huda ya yi. Akwai uzuri, tunda hannu yana jin iska a wurin.

Aikinsa daban ne. Ramin bakin wani bututu ne. Iskar cikin bututun da ta cikin akwatin suna karkarwa tare, su ƙarfafa sauti a mataki guda na saurin karkarwa, kamar busa bakin kwalba. In aka ƙara wa bututun tsawo matakin ya sauka, in aka faɗaɗa shi ya hau. Akwatin da aka saita matakinsa a 40 Hz (karkarwa 40 a daƙiƙa), idan kiɗa ya sauka ƙasa da haka sosai, babu abin da ke riƙe takardar sifikar, sai ta yi ta tsalle har ta yage.