Kafin Ka Tura Fatawa Daga Wayarka

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa tushen addini shi ne Alƙur'ani da Sunnar Manzon Allah (SAW), sannan a fagen hukunce-hukunce ijma'in malamai da ƙiyasi su biyo baya. Abin da ke damuna shi ne yadda wasunmu suka ɗauka haddace waɗannan sunaye huɗu ya ba su lasisin yanke hukunci, har yaro ya ga fassarar aya guda a WhatsApp, kafin la'asar ya halatta ya haramta, ya kuma kafirta wanda ya girme wa mahaifinsa.

Ku dubi maganar giya. Alƙur'ani ya sauka cikin shekara 23, kuma haramcinta a hankali ya zo. A Baƙara aya ta 219 an ce zunubinta ya fi amfaninta girma, a Nisa'i aya ta 43 aka hana kusantar salla cikin maye, sai Ma'ida aya ta 90 ta rufe ƙofar baki ɗaya. Wanda ya tsaya a kan ayar Nisa'i kaɗai, bai san wadda ta riga da wadda ta biyo ba, zai iya cewa a sha bayan isha'i, alhali aya ce ta gaskiya a bakinsa.

Ƙiyasi ma, wato auna sabuwar mas'ala da wadda nassi ya riga ya yi wa hukunci, da ƙa'idarsa. Suratul Jumu'a aya ta 9 ta hana ciniki bayan kiran sallar Juma'a, malamai suka duba dalilin hanin, wato shagaltuwa daga salla, suka haɗa haya da sauran ƙulle-ƙullen ma'amala a ciki. Gano irin wannan dalili aikin wanda ya ƙoshi da Larabci da usulul fiƙhu ne, wato ilimin ƙa'idojin ciro hukunci.

Hadisi kuwa, Imam Bukhari shekara 16 ya yi yana tace Sahihinsa, mu ko tambayar wanda ya rawaito ba ma yi, matuƙar an rubuta "tura wa mutum goma" a ƙasa. An rawaito cewa an yi wa Imam Malik, wanda mazhabarsa muka tashi a kai, tambaya 48, ya amsa 32 da "ban sani ba".

Saboda haka idan saƙo ya shigo, ka nemi littafin da hadisin yake ciki da hukuncin da malaman hadisi suka yi masa. Idan mas'ala ce ta aure, saki ko gado, ajiye wayar ka tafi zauren malamin da ya karanci littattafan fiƙhu irin su Risala da Askari a gaban malamai, ka zauna ka faɗa masa yadda abin ya faru daga farko.