A ƙara littattafan Hausa, a buɗe da dare

Labarin nan da ya ce ɗakin karatu na jama'a na neman masu aikin sa kai don karanta wa yara littattafai lokacin bakansi ya faranta min rai ƙwarai. Allah ya saka wa ma'aikatan da alheri.

Amma ina roƙo a duba lokacin rufewa. Ɗan lakkwal mai shirin jarrabawar BEPC ko BAC da rana yana aji, da dare kuma gidansu ba kuran ko ba wurin natsuwa. In an rufe da la'asar, wa aka yi wa? A samu fitila mai aiki da hasken rana, a buɗe bayan magariba. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi za su iya karɓa-karɓa suna taya ƙannensu lissafi, ko da dare biyu a mako.

Sai littattafan Hausa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, bai dace kantoci su cika da Faransanci kaɗai ba. Iyayenmu mata na unguwannin Bagalam da Ɗan Gulbi da suka yi yaƙi da jahilci, me za su karanta? Har na ajami a kawo, dattawa za su shigo. Ni na shirya, a rubuta ni ranar Asabar.