Ni da Tsirkiya Shida

Ina da shekara 34 sha'awar kaɗa jita ta kama ni kamar mura, ba sallama. Kuma na san abin da raina ke so: kukan nan na jitar lantarki, wanda makaɗi zai danne tsirkiya ɗaya ya tura ta sama, ta yi ta rerawa kamar an yi mata rasuwa. Da zuciyata na bi, da ba a samu wannan labari ba. Sai na tafi neman shawara.

Yayana na fara tuntuɓa, don ya taɓa riƙe jita lokacin yana makaranta. Ban ƙarasa tambayar ba ya yanke hukunci.

"Mai kogo za ka saya. Ba waya, ba lasifika, daga kai sai katako. Duk wanda ya fara da ta lantarki ragon makaɗi ne."

"Yaya, ni fa kiɗan lantarkin nake so."

"Kowa ma shi yake so. Bari yatsunka su sha wuya tukuna."

Abokina kuwa, da yake ta lantarki gare shi, cewa ya yi Yaya so yake ya nakasa ni. Tsirkiyoyin ta lantarki sirara ne, a kwance suke dab da wuyan jitar, taɓawa kaɗan ta amsa. Ya ƙara da cewa Leo Fender, wanda ya fito da jitar lantarkin nan Stratocaster a 1954, shi kansa bai iya kaɗa jita ba. "Ka ga ke nan don irinku aka yi ta." Har na fara karkata, sai ya shiga lissafi: amfilifaya, wayar haɗi, madaurin kafaɗa. Nan take na tuna cewa bin na gaba bin Allah ne. Aljihuna ma ya tuna.

Na sayi mai kogo wadda aka taɓa amfani da ita, daga hannun wani mutum da ya rabu da ita da fara'ar da ya kamata ta ba ni tsoro. Irin ƙatuwar nan ce da ake kira dreadnought, sunan da kamfanin Martin ya raɗa wa wannan siffa, aro daga wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila na 1906. Tawa ba Martin ba ce, ko suna babu a goshinta, amma girman jirgin ta gada. In na ɗora ta a cinya na miƙa hannu ta samanta, sai ka ce mai rungumar firji.

Tsirkiyoyinta shida na ƙarfe ne, kuma in an ɗaure irinsu daidai, jan da suke yi wa wuyan jita ya kai wajen kilo 70. Da wannan nake kokawa da tsokar kan yatsa. Tsakanin tsirkiyoyin da wuyan akwai tazarar da biro ke wucewa ba tare da ya gaisa da kowa ba. Ban san aibu ba ne. Na ɗauka ita ce wuyar da Yaya ya yi mini alkawari.

A kwana huɗu kan yatsuna ya yi layi-layi. Ɓalle maɓallin riga ya zama aiki. An ce in yi haƙuri, cikin 'yan makonni kanta za ta fito. Ta fito kuwa, sai wayata ta daina gane zanen yatsana, ta riƙa yi mini kallon ɓarawo.

Na dai koyi Em, ɗaya daga cikin haɗe-haɗen sautin da ake dannawa a jita, don yatsu biyu kawai take buƙata. Kwana tara ina kaɗa ta, safe da yamma, har uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, wai waƙar nan ba ta da gaba ne?"

Gaban shi ne F. Duk wanda ya ƙirƙiro F bai da tausayi. Za ka shimfiɗa ɗan ali a kan tsirkiya shidan gaba ɗaya, sauran yatsu uku kowa ya tafi inda aka aike shi. Na danna har jijiyar wuyana ta tashi, na kaɗa. Jitar ta ce "ƙut".

Ranar da ƙut ɗin ya cika mako biyu na je wa abokina da ƙoƙon bara. Ya ara mini tasa da ƙaramar amfilifaya da hedifon, irin mai rufe kunne ruf. Ya nuna mini maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, waɗanda aka naɗe da siririyar waya, su ke mai da girgizar tsirkiya lantarki. In ba a jona ba, ƙararta ba ta fi ta sauro ba. "Ga babbar fa'idar," in ji shi, "sa hedifon ka yi ta yi har asuba, ba mai ji."

Ƙarfe ɗaya na dare na tashi. A jikin amfilifayar akwai ƙananan ramuka biyu, girmansu ɗaya: ɗaya na hedifon, ɗaya na jona waya don saka kiɗa. Ban kunna fitila ba, don kada in tashi mutane. Ka ji ladabi.

Na jona, na rufe kunne, na kaɗa. Sai na ji sautin can nesa, kamar daga ƙasan rijiya. Na ce hedifon ɗin nan ya tsufa, na ƙara murya. Ya ɗan matso. Na ƙara. Na laluba wani maɓalli na murɗa shi har ƙarshe, sai ga gurnanin nan da nake mafarki. Laushin tsirkiyoyin kuwa, kamar auduga! Na miƙe tsaye, na lumshe ido, na juya jitar ta fuskanci lasifika. Ashe in ka yi haka, ƙarar lasifikar ke girgiza tsirkiya, tsirkiya ta mayar mata, su yi ta zuga juna har abin ya zama ihu. Ni kuwa na ɗauka baiwa ce ta sauko.

Taɓa kafaɗata aka yi. Na buɗe ido na ga uwargida da yaro a hannu yana tsala kuka, bakinta na motsi. Da na zare hedifon ɗin na ji abin da unguwa ta yi minti goma tana ji. Ana kuma buga ƙofa. Dattijon maƙwabcinmu ne, da tocila da sanda.

"Ɗana, lafiya? Wace dabba ce ta maƙale muku?"

"Baba, jita ce."

Ya daɗe yana kallona. "Allah ya ba ta lafiya."

Da safe na mayar da kayan aro. Abokina ya gama dariyarsa, ya karɓi tawa mai kogon don ya nuna mini yadda ake F. Ita ma ta ce masa ƙut. Ya daina dariya, ya tura ni wurin mai gyara.

Mai gyaran ya ɗora ma'auni a kan gaɓa ta 12 ta wuyan jitar. Ya ce tazarar da ake so wajen milimita biyu da rabi ce, tawa ta kai shida. Wuyan ya lanƙwashe. Ashe akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake ɗaurewa a miƙar da shi. Ya murɗa ta kaɗan, ya goge 'yar gadar da tsirkiyoyi ke hawa, ya cire masu kauri na lamba 13 ya sa na 11. Yana cikin aiki na kira Yaya don in ba shi rahoton wuyar da na sha.

"Tsaya," in ji shi, "ta ƙarfe ka saya? Ai ni da mai tsirkiyar nailan na koya. Wa zai iya da ƙarfe?"

Na kashe wayar cikin girmamawa.

Mai gyaran ya kaɗa F sau uku, tas, kowace tsirkiya da muryarta, ya miƙo mini. Na gyara zama, na shimfiɗa ɗan ali, na aiki sauran yatsun, na kaɗa.

Ƙut.

Ya sunkuyar da kai yana tattara kayan aikinsa. "To, Malam," ya ce, "jitar dai ta warke."