Barden Suwidin Ba Ya Gudu

A yaƙin Poltava tsakanin Suwidin da Rasha, cikin 1709, dawakin Suwidin sun kora na Menshikov, janar ɗin Rasha, da asuba, amma kafin azahar reshe ya juye da mujiya. Ga Barde yana sukuwa ya nufi kudu, baransa na biye da shi a kan alfadari.

"Ranka ya daɗe, tun da muka baro fagen fama ban ga ka waiwaya ba. Gudu muke yi ne?"

"Kul! Barden da ya halarci Narva a 1700, inda muka tarwatsa rundunar Rasha da ta ninka mu sau uku ana tsakiyar zubar ƙanƙara, ba ya gudu. Sake shiri muke yi."

(Duk wanda ya taɓa sauraron sanarwar hukuma bayan an sha kashi ya san irin wannan sake shirin.)

"To, ranka ya daɗe, shekara 9 ke nan Sarki Peter na Rasha yana ƙera igwa, mu kuwa muna ba da labarin Narva. Yau igwa 4 muka fito da su, nasu kuwa sun kai kimanin 100."

"Igwa makamin matsoraci ce. Mu jeruwa muke yi, gwiwa a bayan gwiwa, takobi tsirara, ba ma taɓa bindiga sai mun faɗa tsakiyarsu, kamar yadda muka yi a Narva."

"Gaskiya ne, kuma ko mun so taɓa ta, albarushin ya salwanta a yaƙin Lesnaya tun bara, tare da kekunan abincinmu."

"A Narva wa ya tsaya cin abinci?"

Da suka isa Perevolochna, a bakin Kogin Dnieper, sai suka tarar Sarki Charles na 12 na Suwidin, wanda harsashi ya raunata a ƙafa tun kafin yaƙin, ya haye zuwa ƙasar Turkawa, jiragen fito kuma ba su isa kowa ba. Janar Lewenhaupt ya miƙa sauran rundunar ga Menshikov ɗin nan dai da aka kora da asuba.

"Ranka ya daɗe, na ga ka miƙa wa Barashe takobinka. Mun sallama ke nan?"

"Ajiya na ba shi, domin kada ruwan kogi ya sa masa tsatsa."

"Dokin da ya ja ya tafi da shi fa, har da sirdi da likkafa?"

"Kiwo na ba shi."

"To, albashina da aka ce za a biya idan mun shiga Mosko?"

Barde ya murza gashin baki, ya dubi bara a wulaƙance.

"Yana Stockholm, yaro. Shi ma ajiya ne."