Samarin Karkara, Ramin Wa Kuke Haƙawa?

Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari na ga abin da ya hana ni barci. Wani saurayi ɗan ƙauyenmu ya sayar da bijimin huɗar gidansu, ga damina a bakin ƙofa, wai kuɗin mota yake nema ya tsallaka Nijar haƙar ma'adinai. Da na yi masa magana sai ya miƙo min waya, hoton wani ƙaton lu'u-lu'u, ya ce: "Yaya, ɗaya tal in na samu, an gama." Haba ƙanena! An gama da wa?

Dutsen da ya nuna min ina da labarinsa. Cullinan ne, wanda aka tono a 1905 kusa da Pretoria a Afirka ta Kudu, nauyinsa karat 3,106. Sunan wa aka sa masa? Na mai ramin, Thomas Cullinan. Gwamnatin Transvaal, mai mulkin wurin a lokacin, ta saya ta kai wa Sarkin Ingila Edward na Bakwai kyauta a 1907, aka yanka shi a Amsterdam, yau babban yankin yana kan sandar sarautar Ingila. Baƙaƙen leburorin da suka ƙarar da ƙarfinsu a ramin fa, wa ke ambatonsu? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kai da za ka tafi da diga da shebur, a wane layi kake zaton za ka tsaya?

Ko sarakuna bai zauna musu ba. Nadir Shah, sarkin Farisa, ya kwashe wani shahararren lu'u-lu'u mai suna Koh-i-Noor daga Delhi ta Indiya a 1739, a 1747 mutanensa suka kashe shi. A 1849 Turawa suka karɓe dutsen daga hannun Duleep Singh, sarkin Punjab, yana yaro ɗan shekara goma. Saliyo kuwa, inda aka samu mai karat kusan 969 a 1972, kuɗin lu'u-lu'u ne ya ciyar da yaƙin da aka yi ta gutsure wa mutane hannuwa daga 1991 zuwa 2002. A nan gida, gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010.

Amma ku ba kwa ji. Wannan ya sayar da akuyar gyatumarsa, wancan ya jinginar da gonar gado, wani ya bar amarya da tsohon ciki ba ko kwanon gero a rumbu. Waɗanda suka rage kuma suna gindin darbejiya suna cacar ƙwallo a waya, ita ma dai kwaɗayin nan ne, mabuɗin wahala. Ku ji tsoron Allah, ku nemi na kanku ta hanyar da za ku ga ƙarshenta.

Da can ma iyayenmu suna tafiya cin rani, amma sai an kai amfani gida, kuma kafin ruwan farko sun dawo da turmin atamfa da gishiri. Saurayi ba ya fita sai mahaifinsa ya sa masa albarka. Yanzu da asuba ake sulalewa, tsoho sai dai ya ji a bakin ɗan acaɓa, ya ɗauki fartanya da kansa ya nufi gona.