Kafin a yaba wa na'ura, a duba mataci

A watan Yuni na 2009 kamfanin Genzyme ya tsayar da aiki a masana'antarsa ta Allston da ke Boston a Amurka, saboda wani bairos mai suna Vesivirus 2117 ya shiga tankin renon ƙwayoyin halittar da ke samar da magani. Ba a san bairos ɗin da kama mutum ba, amma ya kassara ƙwayoyin. Masu fama da cutar Gaucher da cutar Fabry, waɗanda lafiyarsu ta rataya a kan magungunan Cerezyme da Fabrazyme da ake yi a masana'antar, suka koma karɓar magani a ƙididdige na tsawon watanni. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tun 2008 aka ga ƙwayoyin suna ja da baya, a Allston da kuma masana'antar Geel ta Beljiyam, aka bincika ba a gano musabbabin ba sai daga baya.

Tun daga nan hankali ya ƙara karkata ga gwajin PCR, wanda na'ura ke yi don gano ƙwayar cuta ta hanyar kwayoyin gadonta, kuma da hujja. Tsohon gwajin tabbatar da tsabtar magani kwana 14 yake ci, na maikofilasma, wata ƙaramar bakteriya, kuwa kwana 28. PCR kan ba da amsa cikin sa'o'i. Sai dai ni a ganina an yi ta kambama na'urar, an bar matakin da ke gabanta a baya, wato shirya samfurin ruwan da za a gwada.

Tanki na ɗauke da lita dubbai, na'urar kuwa abin da take dubawa bai kai ɗigon hawaye ba. Idan ƙwayar cuta ta shiga jiya, ba ta yawaita ba tukuna, da wuya ta faɗo cikin wannan ɗigo. Nan mataci ke shigowa. Wani ɗan faifai ne fari, siriri kamar takarda, ana tura ruwa mai yawa ta cikinsa, ruwan ya wuce, ƙwayoyin cutar su taru a fuskarsa. Duk wadda ta taɓa tace gasara ta san sirrin yana ga ƙyallen. A nan ma haka ne, kuma matacin yana taimakawa wajen wanke abubuwan da ke dagula aikin PCR har ya ce babu alhali akwai.

To amma wane mataci? Mai rami maikiron 0.45 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) yana riƙe yawancin bakteriya. Maikofilasma ba ta da bango, jikinta laushi gare shi, tana iya sulalewa ta ramin 0.2, don haka sai an sauko 0.1. Ƙananan bairos irin MVM, wanda ya shiga tankunan kamfanin magunguna na Genentech a 1993 da 1994, faɗinsu kusan nanomita 20 ne kawai, wato maikiron 0.02, duk waɗannan ramuka ƙofar gari ce a wurinsu. Idan kuma aka matse ramin sosai, furotin da tarkacen ƙwayoyi su toshe shi kafin ruwa ya yi nisa.

Masu cewa wannan ƙarin mataki ne, ƙarin kuɗi, kuma kowane taɓa samfuri ƙofa ce ta gurɓata shi, ba su yi ƙarya ba. Wani bairos ɗin ma yakan manne a jikin matacin ya ƙi fita. Amsar hakan ita ce a zuba ƙwayoyin cutar da aka san adadinsu da gangan, a tace, a ƙirga nawa suka dawo. Wannan adadi nake so hukumomin kula da magunguna su riƙa nema a rubuce kusa da kowane sakamako da ya ce ba a samu komai ba, tare da yawan ruwan da aka tace da girman ramin da aka yi amfani da shi.