Shuɗin da muke yabo a waya yana bushewa a Ƙofar Mata

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Facebook ko TikTok sai ka ci karo da masu fassara launuka, wai shuɗi launin fata nagari ne, launin kwanciyar hankali, ka sa shuɗiyar riga ka ji zuciyarka ta yi sanyi. Ban ƙi ba. Ai ko Majalisar Ɗinkin Duniya shuɗi ta zaɓa wa tutarta, sojojinta na kiyaye zaman lafiya ma hular kwano shuɗiya suke sawa. Amma abin da ke ɗan ba ni haushi shi ne yadda muke ɗauko zancen nan kamar wani sabon ilimi da ya sauko daga Turai, alhali mu nan shuɗi sana'a ce, abinci ne, da shi aka gina gidaje aka aurar da 'ya'ya a ƙasar Kano shekaru ɗaruruwa, kuma yanzu a kan idonmu yake ƙarewa muna ta tura hoton sararin sama.

Marinar Ƙofar Mata, kamar yadda aka rubuta a ƙofar shiga, tun 1498 take. Ko da mutum zai yi gardama kan ainihin shekarar, ba wanda zai yi gardama kan girman abin da karofin Kano suka yi. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta cewa rinannen tufafin Kano yana kaiwa Murzuk da Ghat har Tarabulus, ta yamma kuma har Tumbuktu, ya ma ƙiyasta cewa Tumbuktu kaɗai ana kai mata kayan raƙumi kusan 300 duk shekara. Ku duba fa, ba jirgi, ba kwantena, ba bashin banki. Manomi ya noma auduga da baba, wato tsiron da ake samun shuni daga ganyensa, mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa, marini ya rina, mabugi ya buga har sai ya yi ƙyalli, fatake su ɗauka. Garin Kura da ke kan hanyar Zariya sunansa ya tafi da rawanin ɗan Kura da turkuɗi, wanda Buzaye ke naɗawa har shunin ya kama musu fata, kuma su a wajensu wannan ba datti ba ne, ado ne da alamar mai hali. Daga nan ne ma Turawa suka laƙaba musu sunan shuɗɗan mutane.

Wanda bai taɓa tsayawa bakin rami ba ba zai gane wahalar aikin ba. Ruwa ne da toka da baba da katsi, wato laka da ke kwantawa a ƙasan ramin rini, ake haɗawa a bar su kwanaki su ruɓa, kullum ana motsawa, warin kansa sai mai haƙuri. In aka tsoma zane aka ɗago shi ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake, sai iska ta buge shi sannan ya juya a gabanka, a sake tsomawa a sake ɗagowa, gwargwadon yawan tsomawa gwargwadon duhun launin, shi ya sa mai duhu sosai ya fi tsada don ya fi cin lokaci da ƙarfin kafaɗa. Ɗaurin da ke fitar da zanen ado kuwa yawanci mata ne ke yinsa a cikin gida, su ba a ganinsu a hoto amma kuɗin cefanensu a ramin nan yake.

To me ya faru? Wasu za su ce kayan China ne, kuma da gaskiyarsu amma ba daga nan aka fara ba. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti wanda aka haɗa a masana'anta, ya durƙusar da noman baba a Indiya cikin 'yan shekaru. Namu ya daɗe yana numfashi ne saboda kasuwar Sahara tana nan. Daga baya masaƙun zamani na Kaduna da Kano suka zo, su ma suka mutu, har masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, Kantin Kwari ya cika da kayan waje masu arha. Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi dala a 2019, a 2023 kuma aka janye hanin, yau haka gobe haka. Sannan ga rufe boda a 2019, ga wadda aka sake rufewa da Nijar bayan juyin mulkin 2023, ga rashin tsaro a Mali da hanyoyin Agadas. Mai sayen turkuɗi na asali yana can, hanyar zuwa wajensa ce ta lalace. Yau in ka shiga Ƙofar Mata ramukan da suka bushe sun fi masu aiki yawa, wasu shara ce a ciki.

Ni a ganina babban kuskuren da ake yi shi ne an mayar da wajen gidan tarihi. Baƙo ya zo, jami'i ya rako shi, a ɗauki hoto da wani dattijo hannunsa shuɗi har gwiwa, a yi jawabi kan al'adunmu na gado, a watse. Gyaran katanga da fenti suna da kyau amma ba su ne ke sa yaro ya zauna ya gaji ubansa ba, ciniki ne. Yaron da yake ganin sa'ansa mai Keke Napep ya fi shi shigo da kuɗi da yamma, wace huɗuba za ka yi masa?

Ku dubi Japan. Su ma shunin kanti ya kusa kashe musu nasu, amma a yankin Tokushima har yau ana noman ganyen ana rini da shi, sun mayar da shi kayan alfarma mai tsada wanda mai saye ya san inda aka yi. Ƙungiyar ƙwallonsu Samurai Blue ake ce mata, tambarin gasar Olamfik ta Tokyo 2020 ma da launin shuni aka yi shi. A Mali ga Aboubakar Fofana nan ya farfaɗo da rinin baba har manyan gidajen ɗinki na duniya suna nemansa. Kuma kar a manta wandon jins da matasanmu ke sawa, launinsa shunin ne dai, na kanti. Kenan duniya ba ta gaji da shuɗi ba.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki: rinin baba yana da tsada, sabo yana zuba a jiki, talakan da ke fama da kuɗin masara ba zai bar atamfar dubu kaɗan ya sayi zanen marina ba. Haka ne, ban ce a ɗora wa talaka ba. Rini ma ai bai mutu a Kano ba, ga masu rinin shadda da sinadari nan cike da lunguna suna samun na kansu, ko da yake ruwan da suke zubarwa a kwata wani zancen ne daban. Maganata da masu hali ce. Masu anko na biki da ke kashe miliyoyi a leshin waje, 'yan siyasa masu raba atamfa da hotonsu, otal-otal masu labule da zanen gado, gwamnatin da ke ba baƙi kyautar agogon bango. Ko kaso kaɗan na wannan kuɗin ya juyo marina, ramuka da yawa za su sake ganin ruwa.

Kuma su ma marinan akwai nasu. Dole a daina haɗa na kanti da na baba a sayar da su da suna ɗaya, don ranar da mai saye ya gano an yi masa haka ba zai dawo ba. A samu hatimi ko wata shaida da ƙungiyarsu za ta riƙa bugawa a kan na asali, a koya wa yaransu ɗaukar oda ta waya da aikawa Legas da Abuja da waje, masu ɗinkin zamani su zauna da su a fitar da abin da 'yan mata za su so sawa ba sai ranar bikin al'ada ba. Jami'ar Bayero tana nan cikin gari, ga kwalejojin noma, binciken yadda za a dawo da noman baba da rage zubar launi bai fi ƙarfinsu ba in an ba su kuɗin yi.